Mamman Shata: Muryar da Kano Ta Fitar

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, ƙasar Katsina, a 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, mahaifinsa Ibrahim Yaro ma bai so ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo. Da tallar goro ya fara, yana yi yana waƙa a dandali, har waƙar ta rinjayi tallar. Daga Musawa ya koma Bakori, sunansa ya soma zagaya ƙauyukan Katsina da Zazzau.

Kano ce ta fito da shi duniya. A 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi bikin 'yan sarki, Shata ya yi wasa a gaban taron sarakuna da attajirai. Baƙon da ya fito daga ɓangaren Katsina, sai ga shi ya zama abin nema a birni da waje. Daga baya ya tare a Funtuwa.

Abin da ya bambanta shi da makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo shi ne bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Makaɗin fada yana da ubangida, yabonsa da zambonsa duk a hidimar wannan ubangida suke. Shata kuwa mawaƙin jama'a ne: ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da manomi, ya kuma yi wa sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Tsarin wasansa ba shi da ado da yawa. Makaɗan kalangu su riƙe amshi guda, shi kuma ya dinga zuba baituka a kai da muryarsa mai kauri, galibi nan take yake ƙirƙirarsu. Mawaƙin opera a Turai yana haddace abin da wani ya rubuta masa; Shata shi ne mai tsarawa, shi ne mai rerawa, shi ya sa waƙa ɗaya ba ta cika fitowa iri ɗaya sau biyu. A Bakandamiyarsa ne ya fi baje kolin wannan gwaninta, inda ya wasa kansa.

Rediyo da faifan garmaho, daga baya kaset, suka kai muryarsa Nijar da Ghana da duk inda Bahaushe ya yi zango. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin amininsa, Sarki Muhammadu Bashar.