Mashaya a Birtaniya da Japan, da teburin mai shayi a Kano

Kowace al'umma tana da wurin da jama'a kan taru bayan an tashi daga aiki. A Bacirawa da sauran garuruwan arewacin Kano, teburin mai shayi ne ko majalisar ƙofar gida. A Birtaniya da Japan kuwa mashaya ce, kuma ɗalibi ko ma'aikacin da ya je can daga ƙasar Hausa yakan fuskanci gayyata zuwa wurin.

Birtaniya

A mashayar da Turawan Ingila ke kira pub, mutum kan je gaban kanta ya biya kafin a ba shi. Abokai kan saya wa juna bi da bi, wanda ya zame kuma a ɗauke shi marowaci.

Sai ɗan shekara 18 ake sayar wa barasa. A da, akasarin mashaya kan rufe da ƙarfe 11 na dare, amma wata doka ta 2003, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2005, ta ba da damar tsawaita lokacin a Ingila da Wales. An kuma hana shan taba a cikinsu a Ingila daga ranar 1 ga Yulin 2007.

Japan

A mashayar izakaya zama ake yi, ana kawo abinci kaɗan-kaɗan ana ci tare, sai a ƙarshe a biya. Bisa al'ada mutum ba ya zuba wa kansa: ƙarami kan zuba wa babba, yana riƙe da kwalba da hannu biyu. Shekarun fara sha 20 ne.

Ma'aikatan kamfani kan fita tare da shugabansu, abin da ake kira nomikai, kuma ƙin zuwa kan yi wa ƙaramin ma'aikaci wuya. Sai dai shan ya ragu tsakanin matasa, har hukumar haraji ta ƙasar ta shirya gasa a 2022 don farfaɗo da cinikin barasa, lamarin da ya jawo suka.

Kano

Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, ta kafa hukumar Hisbah bisa doka a 2003. A watan Nuwamban 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a.

Hira da muhawarar siyasa da wasu ke nema a mashaya, a nan wajen mai shayi ake samun su, da burodi da wainar ƙwai.

Akan sayar da lemo a mashayun ƙasashen biyu, a Japan har da shayi mai sanyi. Amma malamai da dama na hana Musulmi zama a teburin da ake shan giya, shi ya sa wasu kan nemi a haɗu a gidan abinci ko na gahawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ta haddasa mutuwar mutane miliyan 2.6 a 2019.