Dalilin da ya sa baba ke rina shuɗi

Ganyen baba kore ne, kuma babu launin shuɗi a cikinsa. Abin da yake ɗauke da shi shi ne indikan, sinadari marar launi da ke haɗe da sukari. Idan aka jiƙa ganyen ya ruɓa, sukarin yana rabuwa, ya bar wani sinadari mai suna indoksil. Da zarar iskar oksijin ta taɓa shi, sai ƙwayoyinsa su haɗu biyu-biyu su zama shuni.

Sai dai shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba. Wannan ce matsalar da masu rini suka warware tun da daɗewa, kamar a Karofin Ƙofar Mata na Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Suna zuba toka da katsi domin ruwan ya yi kaifi, su bar shi kwanaki. Ƙwayoyin bakteriya suna cinye oksijin ɗin ramin, su mayar da shunin wani nau'i mai narkewa, mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa tufa ke fitowa da launin kore, sannan ta rikiɗe shuɗiya a cikin iska, launin ya maƙale a zare.

Yanayin ramin ne ke yanke hukuncin abin da zai fito. Idan wani kaso na indoksil ya sha oksijin fiye da kima, yakan zama isatin, wanda ke haɗuwa da sauran indoksil ya haifar da indirubin, mai launin ja. Shuni da indirubin suna da adadin ƙwayoyin zarra iri ɗaya. Wurin da mahaɗarsu take ne kawai ya bambanta.

Fahimtar wannan tsari ta sauya kasuwar duniya. Bajamushe Adolf von Baeyer ya bayyana ginin shuni a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da na masana'anta a 1897, lamarin da ya durƙusar da noman baba a Indiya. A yau ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun daina aiki, kuma ilimin sarrafa ramin yana hannun tsirarun marina, yawancinsa ba a rubuce ba.