Tarihin Gano Ƙarancin Gishiri A Jinin Masu Ciwon Daji

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Funtuwa, ya rubuto cewa likita ya ce gishirin jinin yayansa mai ciwon daji ya yi ƙasa, amma maimakon a ƙara masa gishiri, sai aka rage masa ruwan sha. Yana son jin asalin wannan al'amari.

To malam, gishirin da likita ke nufi shi ne sinadarin sodiyam. A jinin mai lafiya awonsa yana tsakanin 135 da 145. In ya faɗi sosai, sai ka ga tashin zuciya da ruɗewa, har jijjiga da suma.

A shekarar 1957 ne wasu likitocin Amurka, William Schwartz da Frederic Bartter da abokan aikinsu, suka ba da labarin majinyata biyu masu ciwon dajin huhu. Gishirin jininsu ya yi ƙasa, ƙodarsu kuwa lafiya lau. An ba su gishiri, ya bi fitsari ya fice. Da aka rage musu ruwa, sai awon ya hau. Ashe ruwa ne ya yi wa jinin yawa, kamar miyar da aka labta wa ruwa ta yi lami.

Ka san akwai sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki lokacin ƙishirwa, kamar da azumi, yana sa ƙoda ta riƙe ruwa. Likitocin nan sun yi zargin shi ne ke aiki ba a kan ƙa'ida ba. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar cewa ƙarin dajin da kansa yana iya sarrafa shi. A 1967 Bartter da Schwartz suka tsara alamomin gane cutar.

Amma fa a kula, ba kowane mai ciwon daji ne haka ba. Wani amai ko gudawa ne suka zubar masa da gishiri, wani kuma maganin dajin ne, irin su cisplatin. Awon jini da na fitsari ne ke rarrabewa, saboda haka kada ku hana majinyaci ruwa ko ku ɗura masa gishiri a gida.

Ko a asibiti ma ba a gaggawa. A shekarun 1980 aka gane cewa ɗaga awon farat ɗaya yana lalata ƙwaƙwalwa, shi ya sa za ka ga ana ɗibar jinin yayanka a kai a kai.