3.2 Asalin Adana Lambobin Kuɗi a Harshen COBOL

Wannan sashe zai waiwayi yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa ta fara adana lambobin kuɗi a harkokin kasuwanci. Tushen al'amarin shi ne katin da ake hudawa na kamfanin IBM da ke Amurka, mai jeri 80, wanda ya fito a shekarar 1928. Kowane jeri alƙalami ɗaya yake ɗauka. Don kada a ɓata jeri guda a kan alamar tarawa ko ɗebewa, sai a ƙara huji a saman alƙalamin ƙarshe.

Lokacin da kwamitin CODASYL ya tsara harshen COBOL a 1959, wannan lissafi na tushe goma ya gada, duk da cewa na'urar ta fi sauri a tushe biyu. Dalili kuwa shi ne, 0.1 ba ya ƙarewa a tushe biyu, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a tushe goma. Masanin kimiyya zai iya haƙuri da ɗan wannan giɓi, amma akawun banki ba zai rufe littafi ba sai lissafi ya daidaita.

A 1964 IBM ya fito da System/360, wadda ta zo da tsarin haruffa na EBCDIC da kuma cushen lambobi, wato abin da masu COBOL ke kira COMP-3. A nan ana cusa alƙaluma biyu a bayit ɗaya, rabin bayit na ƙarshe kuma ya ɗauki alama: C ta tarawa, D ta ɗebewa. Ke nan dala 123.45 za ta zauna a bayit uku, 12 34 5C. Shi ɗigon ba a adana shi sam, tsarin aikin ne kawai ya san gurbinsa, ta harafin V. Wannan dabara ce mai kyau a zamanin da wurin ajiya ke da tsada.

Matsalar ta bayyana ne da aka fara kwashe bayanai zuwa ƙananan kwamfutoci masu tsarin ASCII. Mai juyawa yana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi. A EBCDIC, 5C alamar tauraro ce, ita kuwa a ASCII 2A ce. Saboda haka sai 5 ɗin ƙarshe ya koma 2, kuɗin ya canja ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Shi ya sa tilas a warware kowane cushe tukuna, bisa bayanin tsarin fayil ɗin, kafin a juya haruffan.