Daga Garki zuwa Wikipedia: Tarihin Yaɗuwar Ilmin Gadon Sikila

Matafiyin da ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya ratsa ƙasar Kumbotso, ya haye gadar Tamburawa, ba zai daɗe ba zai fara hango koren gonaki a tsakiyar rani, tun daga Kura har Kadawa da Bunkure. Wannan albarkar madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka kammala a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Sai dai ruwan da ya kwanta a gonar shinkafa gidan sauro ne, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana da daɗaɗɗiyar dangantaka da wata cuta ta gado da Hausawa ke kira amosanin jini ko sikila. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun ilmin gadon wannan cuta: inda aka samo shi, yadda ya shiga kundin ilmi na intanet wanda kowa ke iya gyarawa, da kuma abin da ya rage kafin ya iso ga manomin wannan yanki cikin harshensa.

Bahaushe ya san cutar tun kafin zuwan asibiti. Ya san yaron da gaɓoɓinsa ke ciwo da zarar sanyi ya shigo, idanunsa su yi rawaya, girmansa ya tsaya. Ya kuma san matar da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna ƙanana, watau mai wabi, har akan raɗa wa ɗan da ya biyo baya suna irin Ajuji ko Ayashe. Ba kowane wabi ne sikila ta haddasa ba, domin ƙyanda da zawo da zazzaɓi sun ɗauki nasu kason, amma da wuya a wanke ta daga ciki. Maganar gado ma ba baƙuwa ba ce ga mutanen da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da wannan fahimta ta kasa warwarewa shi ne yadda uwa da uba masu ƙoshin lafiya za su haifi ɗa mai ciwo, kuma a ce daga gare su ya gada.

Amsar ta zo ne daki-daki. A 1910 likita James Herrick na birnin Chicago ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa aibin yana cikin himogilobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Vernon Ingram, a 1957, ya gano cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya, na shida cikin 146 da suka haɗa sarƙar. Kafin wannan, a 1954, Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji alamar daga ɓangare ɗaya kawai yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya bayyana dalilin yawaitarta a ƙasashen sauro.

A nan ƙasar Kano ta shigo tarihin. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. An yi feshi a gidaje, an raba magani, an kuma riƙa ɗibar jinin mutane a kai a kai. Daga wannan jini ne Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon da aka buga a 1979. Sun tarar cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jarirai suna ɗauke da alamar daga ɓangare ɗaya, kimanin biyu cikin ɗari kuma sun gada daga ɓangarorin biyu. Amma da aka duba manya, sai aka ga masu cutar sun kusa ɓacewa daga lissafi. Ma'anar wannan a fili take: yawancinsu ba su kai ga girma ba. Masana a duniya sun daɗe suna kafa hujja da waɗannan alƙaluma. Abin lura shi ne an buga su da Ingilishi, a mujallar da ake bugawa a Ingila, wadda ko malamin asibitin karkara ba ya iya kaiwa gare ta, balle waɗanda suka miƙa yatsunsu aka tsaga.

Buɗe ƙofar irin wannan ilmi ya ɗauki lokaci. Victor McKusick na Jami'ar Johns Hopkins ya fara tattara cututtukan gado a littafi guda a 1966, aka mayar da shi kan kwamfuta a 1987. A 1996 masu aikin karanta kundin gadon ɗan'adam suka yi yarjejeniya a tsibirin Bamuda cewa duk abin da aka karanta za a sake shi ga jama'a cikin awa 24, aikin kuma ya kammala a 2003. To amma duk wannan magana ce ta masana da masana. Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, ita ce ta sauya tsarin, domin a cikinta mai karatu yana iya zama mai rubutu. A 2008 Andrew Su da ƙungiyarsa a Kalifoniya suka ƙaddamar da shirin Gene Wiki. Sun sa manhajar kwamfuta ta buɗe shafuka fiye da 7,000 a Wikipedia ta Ingilishi, kowane shafi ga ƙwayar gado guda, da bayanan da aka kwaso daga rumbunan masana, suka bar wa masu sa-kai aikin faɗaɗawa. Ƙwayar da ke da alhakin sikila, mai laƙabin HBB, wadda ke kan kuromosom na 11, tana da nata shafin. Ya kamata a fahimci cewa abin da ake sakawa bayanin ƙwayar ne, ba sakamakon gwajin wani mutum ba.

Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma hanya mafi sauƙi ga mai sa-kai ita ce ya fassaro shafin Ingilishi. A nan ne matsalar ta koma ta harshe. Alal misali, ana amfani da "ƙwayar halitta" a wani wuri da nufin ɗan ƙaramin ginshiƙin jiki, a wani wurin kuma da nufin abin da ake gada, alhali abubuwa biyu ne daban. "Ƙwaya" ita kanta tana nufin magani, tana kuma nufin abin da ke kawo cuta, har mai karatu ya zaci sikila ana ɗaukarta ne kamar tarin fuka. Haka nan "rukunin jini" na ƙarin jini, watau A da B da O, yakan cakuɗe a bakin jama'a da AA da AS da SS. Shafin Ingilishi yana da idanu masu yawa a kansa, kuskure ba ya daɗewa. Shafin Hausa kuwa masu tsaronsa kaɗan ne, kuma likita da masanin harshe ba safai suke zama tabarma ɗaya ba.

A da ana iya ɗaukar wannan a matsayin gardamar malamai. Amma a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, ciki har da gwajin sikila. Ke nan saurayi a Kumbotso da budurwa a Bunkure za su karɓi takarda mai haruffa biyu, waliyyai su yanke hukunci a kanta, wani lokaci bayan an kai lefe, kuma sau da yawa a tsakanin dangi, tun da auren zumunta bai gushe ba. Wayar hannu na daga cikin wuraren da za su fara neman bayani. Idan shafin ya ce mai AS "yana ɗauke da cutar", an jefa yarinya lafiyayya cikin tsangwama. Idan kuma ya ce masu AS biyu "za su haifi ɗaya mai ciwo cikin 'ya'ya huɗu", an yi kuskure mafi muni, domin uban da ya binne ɗansa na fari zai ɗauka sauran ukun sun tsira. Daidai shi ne a ce kowane ciki yana da nasa lissafin, ɗaya bisa huɗu, ko da na goma ne.