Rambo Ya Ci Yaƙi A Fim, Amurka Fa?

Mai karatu, in dai ka taɓa zama gaban bidiyo ana kallon Rambo, ka san yadda abin yake: mutum ɗaya tilo, ba ko riga, ya ɗaure goshi da ƙyalle, ya tarwatsa runduna guda. To, a fim ke nan. A tarihi kuwa yaƙi iri-iri ne, kuma ba kowane iri ne ke yi wa Amurka daɗi ba.

Na farko shi ne yaƙin gaba-da-gaba, soja da soja, tanka da tanka. A nan kam sai dai a sara mata. A 1991, bayan Saddam ya mamaye Kuwait, Amurka da ƙawayenta sun shafe sama da wata guda suna ruwan bama-bamai a kan sojan Iraƙi, da suka shiga ta ƙasa kuwa cikin awa 100 aka gama.

Na biyu shi ne yaƙin sunƙuru, inda abokin gaba ba ya tsayawa a fili. Wannan ta gamu da shi a Biyetnam. Ta sauke dakarun yaƙi a Da Nang cikin Maris 1965, ya zuwa 1969 sun haura 500,000. Su kuwa mayaƙan Viet Cong, manoma ne da rana, mayaƙa da dare. A yankin Cu Chi sun haƙa ramuka masu tsawon fiye da kilomita 200, har da asibiti da madafa a ƙarƙashin ƙasa. Amurka ta fesa wa dazuzzuka gubar Agent Orange don ganye ya zube a gan su, amma ina! A harin Tet na 1968 an yi musu mummunar ɓarna, sai dai hotunan da Amurkawa suka gani a talabijin sun karya musu gwiwa. Ta janye a 1973 bayan ta rasa soja sama da 58,000, birnin Saigon ya faɗi ranar 30 ga Afrilu, 1975. Shekara goma bayan haka Sylvester Stallone ya koma can a Rambo na biyu, ya ciwo a fim abin da ya gagara a fagen fama.

Na uku shi ne yaƙin bayan fage, a yi jifa a ɓoye hannu. Da Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a 1979, Amurka ba ta tura runduna ba. Hukumar CIA ce ta riƙa bai wa Mujahidai kuɗi da makamai ta hannun Pakistan, har da Stinger mai kakkaɓo jirgi, daga 1986. Su ne jaruman da Rambo ya taimaka wa a fim na uku, a 1988. Sobiyet ta fice a 1989.

Sai ga shi a 2001 Amurka da kanta ta shiga Afganistan, kuma mutanen Jalaluddin Haqqani, wanda ta taɓa tallafa wa, suna cikin masu yi mata sunƙuru. Shekara 20 ana fafatawa, ta tattara ta fita a Agusta 2021, Taliban suka koma mulki a Kabul.

Saboda haka, mai karatu, in ka sake ganin jarumi ɗaya ya gama da gari guda, ka ji daɗin kallonka, amma ka tuna ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Masu shirya fim ba su cika son haska wannan sin ɗin ba.