Yadda "Pump" Ya Zama Famfo a Ƙasar Kura

Ku 'yan makaranta, sau da yawa mukan ji labarin ɗayanku ya koma gida hutu, ya ji manomi ya ce famfo, sai ya fashe da dariya, wai an ɓata Turanci. To, kafin ku yi dariya, ku tsaya mu ba ku tarihin abin.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. A bayansu muka sami reluwe da tasha da lebura da kwabo, wanda asalinsa copper ne, watau tagulla. Wani ayarin kalmomi kuma ya sauka ƙasar Kura da Bunkure sa'ad da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa gonakin Kadawa domin noman rani. Nan bakin manomi ya saba da injin da tarakta da eka da famfo.

Kada ku zaci da ka aka juya kalmomin nan. Harshenmu yana da ƙa'idarsa. Ba mu rarrabe p da f, don haka pump ya soma da fa. Kalmarmu ta fi son ta ƙare da wasali, sai aka ƙara masa o. Ba mu fara kalma da baƙaƙe biyu a haɗe, saboda haka tractor ya zama tarakta, driver ya zama direba. Corner kuwa ya zama kwana, har ga Kwanar Gafan, inda ake cinikin tumatir.

Su Ingilishi ma haka nasu harshen ya sha juyi. A 1066 Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila, kalmomin Faransanci suka cika Turanci. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster. Daga nan rubutu ya yi ta daskarewa, baki kuwa bai tsaya ba. Shi ya sa kuke wahala da knee da knife: mutanen dā suna faɗin k ɗin, jikokinsu suka yar da shi a baki, suka bar shi a takarda. Tomato ma ba nasu ba ne. Daga Sifaniyawa suka aro, su kuma daga mutanen Meziko.

Mu ma aro ba sabon abu ba ne gare mu. Alkama da albasa da ake nomawa a Kadawa sunayensu daga Larabci suka fito, ba kuwa wanda ke yi wa mai faɗinsu dariya, gama sun daɗe har sun zama 'yan gida. Kwabo ma ya zauna daram, har aka kawar da fam da sule a 1973, naira ta zo, ya bi ta.

To, ga shawararmu. A aji, ku haɗe leɓɓa ku ce pump sosai, ku rubuta knife da k ɗinsa, gama mai duba jarrabawa ba zai yafe muku ba. In kun je gona kuwa, ku ce wa baba a tayar da famfo, domin wannan ita ce Hausa daidai.